Idan gani ya kori ji: kundin shirina na jarrabawar sauraron Turanci

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Na gaji da cewa "sauraro ne matsalata" alhali ban san takamaiman inda matsalar take ba, shi ya sa na buɗe wannan kundi yau. Na yi rajistar IELTS, jarrabawar auna ƙwarewar Turanci, zan zauna ranar Asabar 8 ga Nuwamba, kuma makarantar da nake nema mataki na 7 take so a kowane ɓangare. Karatu da rubutu da magana ina da madafa a kansu. Sauraro ne ya tsaya mini a wuya.

Ga yadda ɓangaren yake, don wanda bai taɓa shiga ba. Tambaya 40 ce, kowace maki ɗaya, an raba su kashi huɗu, kuma muryar da aka naɗa tana ɗaukar kimanin minti 30. Kashi na farko hira ce tsakanin mutum biyu kan harkar yau da kullum. Na biyu mutum ɗaya ne yake bayani. Na uku ɗalibai ne, ko su kaɗai ko da malaminsu, suna tattauna aikin makaranta, wani lokaci har mutum huɗu. Na huɗu lacca ce. Sau ɗaya tak ake kunna muryar, abin da ya wuce kunne ya wuce ke nan. A ƙiyasin da masu jarrabawar suke bayarwa, maki 23 yana kai mutum mataki na 6, maki 30 na 7, maki 35 na 8, da ɗan bambanci daga wata takarda zuwa wata.

Gwaji uku na yi a makon jiya, agogo a gabana, ba tsayawa: 26, 27, 25. Da na bi su da jan biro sai na ga abin da ban zata ba. Maki 42 na zubar gaba ɗaya, rabinsu cif, wato 21, a tambayoyin zaɓi, waɗanda muka saba kira canki-canka. Su kuwa 33 ne kacal cikin tambaya 120. Sha biyu na ci. Wanda ya toshe kunnensa ya yi ta zaɓar harafi ɗaya cikin uku, kusan abin da zai samu ke nan.

Wannan ya tsaya mini a rai. A cike gurbi ina jin lambar waya, ina jin sunan titi, ina rubutawa daidai. Kunnen da ya ji waɗannan ba zai kurumce ba don kawai an sa masa A da B da C a gaba. Akwai abin da yake jan hannuna zuwa amsar da ba ita ba, shi zan nema. Maki huɗu ko biyar nake bukata, kuma a nan suke.

Alhamis, 4 ga Satumba

Kwana uku ban yi sabon gwaji ba. Na ɗauki rubutun abin da aka faɗa a muryar, wanda ake bugawa a ƙarshen takardun gwaji, na ajiye shi kusa da tambayoyi 21 da na faɗi, ina bin su ɗaya bayan ɗaya.

Ashe duk zaɓin uku ana ambatarsu. Ni a zatona amsar gaskiya ce kaɗai take fitowa daga bakin mai magana, sauran biyun cikon takarda ne. Ba haka ba ne. Kusan kullum kowane zaɓi yana da wurinsa a cikin hirar, sai dai biyu ana ambatarsu ne don a ture su.

Ga wadda ta fi buɗe mini ido. An tambayi dalilin da ya sa wani ɗalibi ya zaɓi yin bincike kan gurɓatar ruwan kogi. A, malaminsa ne ya ba shi shawara. B, akwai isassun littattafai a kan batun. C, ya dace da aikin da yake son yi nan gaba. Abokiyar karatunsa ta tambaye shi ko malaminsu ne ya sa shi, ya ce ai malamin wani batu daban ya so ya ɗauka. Ta ce to aƙalla ba zai rasa abin karantawa ba, ya ce shi ma haka ya zata, sai da ya shiga laburare ya ga ba su taka kara sun karya ba. Sannan ya ce ya san inda yake son neman gurbi idan ya gama digiri, kuma mutanen can za su so su ga ya taɓa irin wannan. Amsa C ce. Kalmar da aka rubuta a zaɓin C ba ta fito daga bakinsa ba ko sau ɗaya. Kalmar malami kuwa ta fito ƙarara, kuma ita ta fara fitowa. Ina jin ta na kewaye A, na miƙa idona tambaya ta gaba, hankalina kwance. Lokacin da yake faɗin ainihin dalilinsa ni na riga na bar wurin.

Sunan canki-canka ma yaudara ne. Babu canke a ciki. Wanda ya tsara tambayar yana so ya san ko ka bi maganar har inda mai ita ya dire, ko kuwa kalma ka cafke a hanya.

Talata, 9 ga Satumba

Na gama bin su. Cikin 21, guda 13 na zaɓi wanda kalmarsa ta fito a muryar daidai yadda aka rubuta ta. Biyar ban ma san an wuce wurin ba. Uku ne kaɗai zan ce ban san ma'anar kalma ba.

Uku cikin 21. Wata biyu na yi ina haddar sababbin kalmomi, ina ganin nan ne giɓin. Ba asara na yi ba, za su yi amfani a karatu da rubutu, amma maganin ciwon kai nake sha alhali ƙafa ce take ciwo. Daga yau littafin kalmomi ya koma minti goma a rana.

Asabar, 13 ga Satumba

Biyar ɗin da suka wuce ni ban sani ba, su suka fi damuna, don haka yau na gwada wani abu.

A TOEFL, wata jarrabawar Turanci daban wadda hukumar ETS ta Amurka take shiryawa, ba a nuna maka tambayoyin sai an gama kunna muryar. Kana saurare kana ɗan rubuta abin tuni, daga baya tambayoyin su fito. Na ce bari in ara wannan tsarin. Na ɗauki kashi na uku na wani gwaji da ban taɓa yi ba, na rufe zaɓin da takarda, na bar kan tambayoyin kawai. Na kunna, na rubuta amsar kowace da kalmomina a gefe. Da aka gama na ɗaga takardar, na nemi zaɓin da ya fi kusa da abin da na rubuta. Biyar cikin shida. Na sake da wani, shida cikin shida.

Na daɗe zaune ina kallon takardar. Kunnena lafiyarsa lau. Idona ne yake kore shi.

Muna cewa gani ya kori ji, muna nufin abin da ido ya gani ya fi labari. A wannan jarrabawa maganar ta zo da wata fuska: da zarar ido ya sauka kan zaɓi ya fara karantawa, ji ya fita. Na lura idan ina karanta Turanci akwai wata murya a cikin kaina da take furta kalmomin, kuma idan ta tashi sai ta danne ta waje. Zaɓi uku, kowane jimla guda, a ce kalma 25 gaba ɗaya. Kafin in kai ƙarshensu mai magana ya yi jimla biyu ko uku da ban ji ba, kuma sau da yawa a cikinsu ya warware abin da ya faɗa da farko. Abin da ya rage a kunnena shi ne kalmar da ta yi daidai da wadda idona yake kai. Ashe kurakurai 13 ɗin da biyar ɗin uwarsu ɗaya.

A cike gurbi wannan ba ya faruwa, saboda abin karantawa kaɗan ne, kalma ɗaya kake dako. A zaɓi kuwa karatu ake ɗora maka a tsakiyar sauraro. Ba za a bar ni in rufe takarda ranar jarrabawa in amsa daga baya a tsanake ba, lokaci ba zai isa ba. Dole karatun ya ƙare kafin muryar ta fara.

Laraba, 17 ga Satumba

Na kira Malamar da ta koya mini Turanci tun ina ƙarama, na karanta mata abin da na rubuta ranar Asabar. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni yadda nake amfani da ɗan lokacin da ake bayarwa kafin a kunna kowane kashi.

Na ce, "Malama, karantawa nake yi daga sama zuwa ƙasa, amma ban taɓa kai ƙarshe ba."

Ta ce, "'Yata, kina karanta su ne kamar za a karɓi hadda. Fara da kawunan tambayoyin duka, ki san me ake nema: dalili ne, ra'ayi ne, ko abin da za su yi gaba, kuma ra'ayin wa. Sannan ki dawo kan zaɓin, kada ki karanta abin da suka haɗu a kai, ki nemi inda suka rabu. Kowane ki mayar da shi kalma ɗaya ko biyu."

Na ce da wane harshe. Ta ce da wanda hannuna ya fi sauri, ai ba mai duba gefen takardar tambaya.

Na koma kan tambayar ɗalibin kogi. Jimla uku suka zama malami, littafi, aiki. Kallo ɗaya ya ishe su, muryar cikin kaina ba ta samu abin furtawa ba. Kuma da na rubuta "aiki" da Hausa, sai na daina jiran wata kalmar Turanci takamaimiya, na koma jiran ma'ana, ko da wace riga ta zo. Wannan ribar ban hango ta ba sai da na gwada.

Ta ƙara mini da ɗaya. A ƙarshen kowane kashi ana ba da ɗan lokaci a duba amsoshi. Ta ce in daina dubawa, tunda muryar ta wuce ba abin da zan gyara da shi, in tsallaka in fara rage zaɓin kashi na gaba. Musamman kafin na huɗu, don shi ba a tsayawa a tsakiyarsa kamar sauran ukun, tambaya goma ake zubo maka a jere.

Laraba, 24 ga Satumba

24. Ƙasa da inda na fara.

Na san abin da ya faru. A kashi na uku tambaya ta 23 ta rikice mini tsakanin B da C, na tsaya ina auna su. Kafin in ɗago sun wuce ta 24, suna tsakiyar ta 25, ni kuma ina ta jiran ta 24 da ba za ta dawo ba. Sai da na ji an ce a juya ga tambayoyi na gaba na farga. Garin neman maki ɗaya na zubar da huɗu, kuma na shiga lacca zuciyata tana bugawa, nan ma na zubar da wasu.

Raina ya ɓaci sosai, har na rufe littafin na bar shi sai dare. Da na dawo na rubuta wa kaina doka biyu. Tambayoyin suna bin jerin maganar, ba a amsa ta 25 kafin ta 24, zaɓin cikin tambaya ɗaya ne kawai suke zuwa a hargitse. Saboda haka yatsana yana kan tambayar da ake ciki, amma kan tambaya ta gaba yana cikin kaina. Ina jin an taɓo batunta, in tashi, ko na gama ko ban gama ba.

Ta biyu, idan na rikice in sa harafin da ya fi kwanta mini in wuce. Ba a rage maki don kuskure, gurbin da aka bari fanko ne kaɗai ba shi da rabo. Kuma idan na riga na soke ɗaya da na ji an ture, tsakanin biyu nake zaɓa, ba uku ba. Na fara sa ƙaramar alama a kan duk zaɓin da na ji an kashe. Yana rage wa kai kaya.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Mako guda ina tattara ƙananan kalmomin da magana take juyawa a kansu. *But, actually, instead, although, in the end.* Duk na san su tun aji ɗaya na sakandare, amma ban taɓa ba su kunne ba, saboda ba a danna su a magana, ana wucewa da su da sauri kamar ba komai. Su kuwa suke riƙe da amsar. Abin da ya zo kafin *but* yawanci tarko ne, abin da ya biyo baya shi ne inda mai magana ya tsaya.

Sai kuma lokaci. *I was going to* da *we used to* da *I thought it would be*, duk suna gaya maka abin da zai biyo baya ya riga ya rushe. Tambaya ta ce me gidan tarihi yake yi yanzu, mai bayani ya faɗi abin da suke yi a dā, da abin da suke shirin yi baɗi, da abin da suke yi yau, kowane yana da harafinsa a takarda.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne a Hausa ban taɓa faɗa wa irin wannan ba. Wani ya ce mini, "Da har na yi niyyar tafiya gobe," ba zan ce masa Allah ya kiyaye hanya ba, na san "sai kuma" tana tafe. Ya ce, "Eh to, ba laifi," na san bai gamsu ba. Kunnena na Hausa yana da haƙuri, yana jiran mutum ya kai aya. Na Turanci ne mai gaggawa, kuma na gane tsoro ne yake sa shi. Ina tsoron kada maganar ta kuɓuce mini, sai in damƙe farkon abin da na gane in riƙe gam. Don haka abin da nake koya yanzu ba sabo ba ne. Haƙurin da nake da shi a harshe ɗaya nake ƙoƙarin kai wa ɗayan.

Atisayen da nake yi: in kunna hira, in tsayar da ita daidai kan *but* ko *actually*, in faɗi da bakina abin da nake zaton zai biyo baya, sannan in sake ta. Minti 15 kullum. A gwaji kuma na hana fensirina taɓa harafi sai batun ya rufe.

Gwajin jiya, 28. Zaɓi bakwai cikin sha ɗaya.

Litinin, 6 ga Oktoba

Karin harshe. Jarrabawar ta British Council ce da IDP ta Ostareliya da Cambridge, kuma ana jin muryoyin Ingila da Ostareliya da Niyu Zilan da Amurka ta Arewa. Na Ingila na saba da shi. Na Ostareliya wasulansa ne suke karkace mini, *day* ta kusa zama *die* a kunnena. Na Amurka kuma *can* da *can't* ne, harafin ƙarshe yana kusan ɓacewa, sai ka lura da wadda aka danna aka ja, ita ce ta korewa. A tambayar zaɓi wannan kaɗai ya isa ya kifar da amsa. Na ware rabin awa kullum ina jin shirye-shiryen rediyo daga waɗannan ƙasashe, ba takarda, ba fensir.

Asabar, 11 ga Oktoba

Kashi na uku shi ne inda aka fi kayar da ni, yau na ba shi yini guda.

Wahalarsa ba ta kalmomi ba ce, ta mutane ce. Tambaya ta ce me su biyun suka yarda a kai. Namijin ya kawo A, macen ta ce *well* ta ja ta, ta kawo uzuri. Ita ta kawo B, shi ya ce yana ganin abin da take nufi, amma. Sai can ɗaya ya faɗi C a taƙaice, ɗayan ya ce *exactly*, suka wuce. A da B an yi jimla huɗu huɗu a kansu, C ko cikakkiyar jimla biyu ba ta samu ba. Tsawon maganar da aka yi a kan zaɓi ba ya nuna shi ne amsa, sau da yawa ma akasin haka ne, don abin da aka yarda da shi ba a jan zance a kansa.

Turawa kuma suna da ladabin ƙin yarda, ba kasafai za ka ji ƙiri-ƙiri an ce a'a ba. Yabo ake farawa da shi, ƙin ya biyo baya a lulluɓe, wani lokaci a sautin murya kawai yake. Yanzu idan kan tambaya ya ambaci sunan mutum ɗaya, ina ja masa layi biyu, in kasa kunne tun farkon hirar in san wace murya ce tasa, don kada in ɗauki ra'ayin wancan in ba wannan. Sau biyu na yi wannan kuskuren a watan jiya.

Akwai kuma masu cewa a zaɓi biyu cikin biyar, A zuwa E. Kowane harafi maki ɗaya ne, kuma ba ruwansu da wanda ka fara rubutawa. A nan sokewa ta fi zaɓa amfani. Ina bin biyar ɗin, wanda aka kashe in soke, abin da ya tsira shi ne nawa. Har yanzu ɗaya nake ci in faɗi ɗaya. Zaɓi biyar sun yi wa kallo ɗaya yawa, ido ya fara yawo, ji ya fita. Ban samo kansu ba tukuna.

Asabar, 18 ga Oktoba

A kwamfuta na yi rajista, amma duk atisayena a takarda yake, kuma sai wannan makon na zauna na auna bambancin. Mai takarda ana ba shi minti 10 a ƙarshe ya kwashe amsoshi zuwa takardar amsa. Mai kwamfuta minti 2 ne na dubawa, don amsarsa ta riga ta shiga. Ba gefen da zan rubuta "malami, littafi, aiki" kusa da zaɓi. Ana iya haskaka kalma a allo, to amma jan linzami yana cin daƙiƙu. Na gwada hanya biyu, na tsaya kan wannan: in haskaka kalma ɗaya tak a kowane zaɓi, fassarar ta zauna a kaina. Gwajin farko a allo 27, na biyu 30. Daga yau ba na ƙara taɓa takarda.

Asabar, 25 ga Oktoba

31, 29, 31. Karo na farko da na ga 7 da idona fiye da sau ɗaya. Na kira Malama na gaya mata, ta yi murna, sannan ta ce in karanto mata waɗanda na faɗi.

Da nake karantawa ni da kaina na ji abin. Uku daga ciki amsar ita ce mai kalmar da aka furta ƙarara, na ji ta, na ƙi ta. Na koya wa kaina cewa kalmar da ta fito fili tarko ce, har na fara gudun gaskiya idan ta zo ba lulluɓi. A wata tambaya ta kashi na biyu mai bayani ya ce ƙofar baya za a bi, bai juya ba, bai warware ba, ya ci gaba da wani batu. Ni kuwa ina ta jiran *but* da ba ta zo ba, ƙarshe na zaɓi wani harafi don kawai ban ji an ambace shi ba.

Malama ta ce, "'Yata, da kina kamawa don kin ji kalma, yanzu kina saki don kin ji kalma. Duka biyun kalmar kike bi. Shi mutumin me ya ce?"

Na rubuta tambayar tata a saman allon da nake atisaye. Na kuma soke dokar da na sa wa kaina cewa duk kalmar da ta yi daidai a guje ta. Abin da ya rage shi ne in jira batun ya rufe. Idan an warware, in bi warwarar. Idan ba a warware ba, abin da aka faɗa shi ne.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Saura mako guda. Gwaji huɗu na ƙarshe: 30, 32, 29, 32. Tambayoyin zaɓi 43 ne a cikinsu, na ci 33. Na 29 ɗin na yi shi ne da dare bayan dogon yini, na ɓata a tsakiyar lacca, amma wannan karon tambaya ɗaya ta tafi, na kamo ta gaba.

Masu biyu cikin biyar har yanzu su ne rauni, biyar cikin goman da na faɗi nasu ne. Na lura idan na haskaka kalmominsu tun a lokacin dubawar kashin da ya gabata ina cin duka biyun, idan na bari sai an sanar da su ina cin ɗaya. Don haka su zan fara nema da zarar na tsallaka, kafin masu A, B, C.

Ba zan ƙara cikakken gwaji ba sai guda ɗaya ranar Laraba, da safe, daidai lokacin da zan zauna ranar Asabar, da abin sauraro a kunne kamar yadda za a ba mu. Litinin da Talata kashi na uku kawai, biyu biyu, da rediyon Ostareliya. Alhamis in sake karanta wannan kundi daga farko. Juma'a ba zan kunna komai ba.